RAM ya ƙi kai gudun da ke kwalinsa: a bar shi, a kunna XMP, a sassauta, ko a sake saye?

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne kullum. Mutum ya tara kuɗi ya sayi RAM, ma'ajiyar wucin-gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a jikin kwalin an rubuta DDR4-3200 ko DDR5-6000 da manyan baƙaƙe, ya saka a kwamfutarsa ta tebur, ya buɗe Task Manager, sai ya ga 2133 ko 4800. Abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne an yi masa sakiyar da ba ruwa, an haɗa shi da jabu. Yakan faru, amma da wuya. Galibi RAM ɗin lafiyarsa ƙalau. Lambar da ke kwalin ce take da sharaɗi, kuma ba kowane mai shago ne ke faɗin sharaɗin ba.

A jikin kowace sandar RAM akwai wani ɗan ƙaramin guntu da ake kira SPD, wanda ke gaya wa madabod, babban allon da sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa, yadda za a tafiyar da sandar. A irin waɗannan sanduna, jeri biyu na umarni ne a cikinsa. Na farko shi ne na JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin RAM ga masana'antu baki ɗaya: gudu mai sauƙi, wuta kaɗan, wanda kowace kwamfuta za ta iya tashi da shi. A DDR4 wutar bolt 1.2 ce, gudun kuma yakan fara daga 2133. A DDR5 bolt 1.1 ce, gudun ya fara daga 4800. Jeri na biyu shi ne wanda kamfanin da ya haɗa sandar ya gwada da kansa ya ce za ta iya, da ƙarin wuta, yawanci bolt 1.35. Intel ta fito da wannan tsari a 2007 da sunan XMP, AMD kuma ta kawo nata, EXPO, a 2022 tare da furosesoshinta Ryzen 7000. Lambar kwali galibi ta jeri na biyu ce. Madabod kuwa da na farko yake tashi, har sai an shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, an ba shi umarni.

Ko an ba shi umarnin ma, ba sandar kaɗai ke da ta cewa ba. Abin da ke sarrafa RAM yana cikin furosesa ne, tun Athlon 64 na 2003 a ɓangaren AMD, da Core i7 na farko a 2008 a ɓangaren Intel. Ke nan uku ne za su yarda kafin gudun ya zauna: sanda, furosesa, da madabod ɗin da wayoyinsa suka haɗa su. Kamfanin RAM ɗaya kawai ya yi wa alkawari a cikin ukun. Shi ya sa nake ganin tambayar da ta kamata a fara yi ba "yaya zan kai 3200?" ba ce, "wa ya hana?" ce. Amsarta ce ke raba wanda zai gyara matsalarsa cikin minti biyu kyauta da wanda zai yi ta zuba kuɗi a banza.

Sai dai a fara cire wani ruɗani. In a CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan sassan kwamfuta, ka duba ka ga 1600 MHz alhali 3200 ka saya, babu abin da ya lalace. DDR yana jigilar bayanai sau biyu a kowane bugun agogo, don haka 1600 sau biyu ne 3200, 3000 kuma shi ne 6000. Mutane da dama sun kwance kwamfuta a kan wannan. Wanda ya ga 1066 ko 1067 a nan shi ne mai magana, domin 2133 yake kai.

Injin da ƙofarsa a rufe take

Yawancin kwamfutocin tebur da ke ofisoshinmu, da wuraren buga takardu, da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, na hannu ne da aka shigo da su daga waje: Dell OptiPlex, HP EliteDesk da ProDesk, Lenovo ThinkCentre. Injuna ne masu ƙarko, amma an ƙera su ne don ofis, BIOS ɗinsu galibi ba shi da wurin kunna XMP sam. Ka duba shafi-shafi ba za ka gani ba. Irin wannan inji jerin JEDEC kawai yake karantawa, ya kuma tsaya a iyakar furosesarsa: Core i5-6500 a 2133, i5-7500 a 2400, i5-8500 a 2666.

A nan abin yake juyewa. Ka ɗauki inji mai i5-8500. In ka saka masa sandar 'yan wasa, mai sulken ƙarfe da fitilu, wadda aka rubuta wa 3200 amma jerinta na JEDEC 2133 ne, a 2133 za ta zauna har abada. In kuwa ka saka koriyar sanda tsirara, ta Samsung ko SK Hynix ko Micron, mai lamba PC4-2666, wadda aka cire daga wani injin ofis, za ta yi 2666 ba tare da an taɓa komai ba. Mai arahar ta fi mai tsadar gudu. Ga mai irin wannan inji zaɓin ya ƙare tun a nan: sanda mara ado, mai bolt 1.2, wadda gudunta na JEDEC ya kai iyakar furosesa. Sayen wadda ta wuce iyakar ba laifi ba ne, za ta sauko ta yi aiki, amma kuɗin da aka ƙara ba zai dawo da komai ba.

Akwai rufaffiyar ƙofa ta biyu a injunan da aka haɗa da hannu. Intel ta daɗe tana keɓe ƙarin gudun RAM ga madabod masu harafin Z. A madabod masu lamba H410 da B460, Core i5-10400 ba ta wuce 2666, i7-10700 kuma 2933, ko wace irin sanda aka saka. Sai a 2021, da B560 da H570, aka buɗe wa masu matsakaicin kuɗi, kuma B660 da B760 sun bi sahu. H610 har yanzu iyakar furosesa yake tsayawa. AMD ta fi sakin hannu a nan, domin B450, B550, B650, har da masu araha irin A520 da A620, duk suna barin a ɗaga gudun RAM. Sunan madabod ɗinka yana cikin CPU-Z, ko a rubuce a jikinsa kusa da gurbin katin hoto. Duba shi kafin ka zargi kowa.

Daga nan, maganar ta masu buɗaɗɗiyar ƙofa ce.

A bar shi yadda yake

Wannan zaɓi ne na gaske, ba na ragwaye ba. Lissafinsa mai sauƙi ne: a ninka gudu da takwas a sami megabait nawa layi ɗaya, wato hanyar da ke tsakanin RAM da furosesa, ke kwasa a daƙiƙa. A 2133 kusan gigabait 17 ne, a 3200 kuma 25.6. Tazarar tana da girma a takarda. Amma mai aikin Word da Excel, da mai shiga intanet, da mai buga katin biki a CorelDRAW, da wuya su ji bambancin a hannunsu, domin ba RAM ne ke riƙe su ba. Wanda har yanzu Windows ɗinsa ke kan tsohon faifai mai juyawa, SSD ne zai sauya masa rayuwa, ba XMP ba.

Masu asara su ne 'yan wasa, da masu tace bidiyo, da uwa-uba wanda ba shi da katin hoto na daban, yana dogara da wanda ke cikin furosesa, irin Ryzen 5 5600G ko 8600G. Wannan ɓangaren hoto ba shi da ma'ajiyar kansa, da RAM ɗin kwamfuta yake aiki, don haka duk ƙarin gudu yana fitowa a allo kai tsaye. Barin irin wannan inji a gudun JEDEC asara ce tsagwaronta. Haka Ryzen 3000 da 5000, inda hanyar da ke haɗa sassan furosesa, Infinity Fabric, take tafiya kafaɗa da kafaɗa da agogon RAM. In RAM ya yi sanyi, ita ma ta yi sanyi.

Akwai kuma abin da ya fi gudun muhimmanci wanda ake yawan tsallakewa. Sanda ɗaya a 3200 tana ba da gigabait 25.6. Sanduna biyu a 2133, kowacce a layinta, suna ba da sama da 34. Wanda ke da sanda ɗaya tilo yana ta fama da BIOS, ya bar babbar riba a ƙasa yana neman ƙarama.

A kunna XMP ko EXPO

Shi ne abin da za a fara gwadawa, kuma ga mafi yawan mutane nan maganar take ƙarewa. A kunna kwamfuta a riƙa danna Delete ko F2. A madabod ɗin ASUS ana samunsa a Ai Tweaker, inda a kan AMD mai DDR4 sunansa DOCP. A MSI yana shafin OC, suna ce masa A-XMP a kan AMD. A Gigabyte yana Tweaker. A zaɓi jeri na ɗaya, a danna F10, a jira.

Jiran nan shi ne inda mutane ke karaya. Allo baƙi ƙirin, fankoki na juyawa, a gefen dama na madabod wata 'yar fitila mai rubutun DRAM ta kama ta ƙi mutuwa. Hannu ya fara ƙaiƙayin zuwa maɓallin kashewa. A dakata. Madabod yana gwajin sigina ne tsakanin furosesa da sanduna, yana neman daidaiton da za su fahimci juna a sabon gudun. A DDR4 daƙiƙoƙi ne, a DDR5 kuwa, musamman a kan AM5, mazaunin furosesa na AMD da ya zo da Ryzen 7000, da RAM mai yawa, yakan ɗauki mintuna. Wani lokaci injin zai mutu ya tashi da kansa sau biyu ko uku. In ya gaza, madabod mai hankali zai koma JEDEC ya nuna saƙon cewa saitin bai yi ba. In ya ƙi tashi gaba ɗaya, a zare wayar wuta, a cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintuna, ko a haɗa ƙusoshi biyu masu rubutun CLR_CMOS da bakin sukundireba. Komai zai koma yadda ya zo daga kamfani. Gwada XMP ba ya kashe kwamfuta ta wannan hanya, tsoratarwa kawai yake yi.

Ya kamata a san cewa a wurin Intel da AMD duka, wannan tura inji ne sama da abin da suka lamunta. Iyakar da AMD ta rubuta wa Ryzen na farko 2666 ce, Ryzen 2000 kuma 2933, Ryzen 3000 da 5000 su ne 3200, Ryzen 7000 na da 5200, Ryzen 9000 kuma 5600. Intel ta ba furosesoshinta Core na zuriya ta 12 DDR5-4800, manyan 'yan zuriya ta 13 da ta 14 kuma 5600. Don haka DDR5-6000 a kan Ryzen 5 7600 ya wuce alkawari, duk da cewa kusan kowace irinta tana ɗauka. Amma DDR4-3600 a kan Ryzen 5 1600 neman rigima ne. Furosesa biyu masu suna ɗaya ma ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. Ta abokinka ta ɗauki 6400, taka ta tsaya a 6000, kuma babu wadda ta lalace a cikinsu.

Kafin a yanke hukuncin cewa XMP ya ƙi, a buɗe murfi a duba gurabe. A madabod mai gurabe huɗu, sanduna biyu suna shiga na biyu da na huɗu ne in aka ƙirgo daga furosesa, waɗanda ake rubuta wa A2 da B2. Dalili kuwa, a yawancin madabod na yanzu wayar kowane layi tana bi ta gurbin farko ne ta ƙare a na biyu. In aka cika na farko aka bar na ƙarshe fanko, ragowar wayar tana mayar da amsa-kuwwar sigina, wadda ba ta damun 2133 amma tana rikita 3600. Wannan kuskure kaɗai ya hana injuna masu yawa gudu. A kuma danna sandar har kunnen gurbin ya rufe da ƙara ƙas, domin a madabod masu kunne ɗaya gefen ƙasa yakan ƙi zama ba a lura ba. Injin da ya sha hunturu bai ga iska ba, a hure ƙurar gurbin, a goge haƙoran zinaren sandar da tsumma mai ɗan sifirit. Ɗaure fankar furosesa da ƙarfi fiye da kima, ko lanƙwasasshen tsinke a mazaunin furosesa na LGA1700 ko AM5, su ma sukan kashe layi guda ko su hana gudu.

A sassauta mataki ɗaya

In XMP ya ƙi tashi, ko ya tashi amma wasa na rufewa da kansa, shuɗin allo na fitowa jefi-jefi, wannan ce hanyar da na fi so, kuma ita ce mutane suka fi raina. A bar XMP a kunne domin ya riƙe wutarsa da lambobin jinkirinsa, sai a je layin gudu a sauke shi da hannu: 3600 zuwa 3466 ko 3400, 3200 zuwa 3000 ko 2933, 6000 zuwa 5800 ko 5600. A gwada. In bai zauna ba a ƙara saukowa.

Abin da aka rasa bai taka kara ya karya ba, lissafi ma ya nuna haka. Jinkirin farko na RAM, wanda ake rubutawa CL, ana mayar da shi nanodaƙiƙa ta hanyar ninka shi da 2000 a raba da gudu. DDR4-3200 CL16 nanodaƙiƙa 10 ne. 3600 CL18 ma 10. DDR5-6000 CL30 shi ma 10. In ka sauke 3200 CL16 zuwa 3000, ka koma kusan 10.7. Kwatanta da faɗawa JEDEC gaba ɗaya, inda 2133 CL15 ya haura 14, 4800 CL40 kuma ya kusa 17. Wato mataki ɗaya ƙasa yana riƙe maka kusan duk ribar, ya kuma ba furosesa sararin numfashi. Babu idon da zai gane 3000 daga 3200 a wasa. Fayil ɗin aikin da ya lalace a ɓoye saboda RAM na kuskure kuwa, ranar da aka buɗe shi kowa zai gani.

Wani lokacin saukowar ma riba ce. A Ryzen 3000 da 5000, muddin RAM bai wuce 3600 ba, agogon Infinity Fabric da na RAM suna tafiya ɗaya da ɗaya. In aka haura sama, madabod yakan raba su, jinkiri ya ƙaru, sai ka ga 4000 bai fi 3600 daɗin aiki ba. A AM5 labarin ya maimaitu a kusa da 6000: sama da haka mai sarrafa RAM yakan koma rabin gudu in ba a tilasta shi ba, shi ya sa ita kanta AMD ta nuna 6000 a matsayin inda ya fi dacewa da Ryzen 7000. Intel ta kawo irin wannan da zuriya ta 11, ta kira shi Gear 1 da Gear 2. A DDR4, 3600 a Gear 1 yakan fi 4000 a Gear 2 saurin amsawa. Mai sanda 4000 a irin waɗannan injuna da ya sauke ta zuwa 3600 da gangan, ya san abin da yake yi.

Masu Ryzen kuma kada su firgita in sun ga sandar CL15 ta koma CL16. Akwai saiti mai suna Gear Down Mode da ke mayar da lambar mara zuwa cika domin ƙarin natsuwa. Barinsa a kunne ya fi.

Ɗan'uwan wannan hanya shi ne ƙara wuta maimakon rage gudu, kuma a nan nake taka burki. Ɗaga wutar DDR4 daga 1.35 zuwa 1.37 ko 1.38 yakan daidaita sandar da ke kan gaɓa, ba kuma wani haɗari ba ne. Wuce 1.40 ba tare da sanin irin guntayen da ke ƙarƙashin sulken ba caca ce, domin wasu guntaye ƙarin wuta ƙara musu kuskure yake yi. Wutar da ke shiga ɓangaren furosesa, wadda AMD ke kira SoC, ta fi haɗari. A Afrilun 2023 an samu furosesoshin Ryzen 7000X3D da suka ƙone a mazauninsu, aka danganta abin da wutar SoC da ta yi yawa, har AMD ta fitar da gyara ta kafe iyakarta a bolt 1.3. Wanda bai san me kowace lamba ke yi ba, ya rage gudu ya bar wuta. Garin neman ƙiba ake samo rama.

A sabunta BIOS

Wannan kyauta ne kuma yakan yi aiki, musamman in madabod ya fito ne a farkon zamaninsa. Ryzen na farko a 2017 da AM5 a 2022 duk sun fara da wahalar RAM, gyare-gyaren da AMD ta riƙa aikawa cikin sabbin BIOS ne suka warware da yawa daga ciki. Madabod da ya daɗe a kwali kafin ya iso Kwamfuta Bilej ta Ikeja ko Banex ta Abuja yana iya zuwa da BIOS na shekaru biyu baya. Ga mai Ryzen 7000 da bai taɓa sabuntawa ba, ina ganin wajibi ne kafin ya kunna EXPO, saboda maganar wutar nan.

Haɗarinsa ɗaya ne, kuma mu muka fi kowa saninsa: a ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa. Mintuna kaɗan ne aikin, amma in ya yanke, madabod na iya zama gawa. Kada a yi shi a kan wutar NEPA tsura, ko janareto mai tari. A nemi UPS mai cikakken caji ko inbata. Madabod da ke da maɓallin ceto a bayansa, wanda ASUS ke kira BIOS FlashBack, Gigabyte ke kira Q-Flash Plus, yana iya farfaɗowa daga filash ko da rubutun ya lalace, don haka mai irinsa hankalinsa ya fi kwanciya. Bayan sabuntawa duk saiti yana gogewa, sai an sake kunna XMP.

A sake saye

Nan ne kuɗi ke fita, don haka nan ya kamata a fi yin tunani. Mafi yawan waɗanda suka iso nan, matsalarsu ɗaya ce cikin biyu: sanduna huɗu, ko gauraye.

Sanduna huɗu nauyi ne ninki biyu a kan mai sarrafa RAM, kamar Adaidaita Sahu da aka yi wa lodin mutum shida, zai tafi amma ba da gudun da ya saba ba. A DDR4 abin da sauƙi, sau da yawa huɗu suna yin 3200. A DDR5 kuwa AMD da kanta 3600 ta rubuta wa Ryzen 7000 in an cika gurabe huɗu, ƙasa ma da JEDEC na sanda ɗaya. Mai son gigabait 64 a DDR5 ya sayi biyu masu 32, kada ya sayi huɗu masu 16. Wanda ya riga ya saya yana da zaɓi biyu: ya karɓi gudun da ya samu in yawan RAM ne buƙatarsa, kamar mai tace dogon bidiyo, ko ya sayar da huɗun ya sayi biyu. Ga mai aikin da ke cinye RAM, yawa ya fi gudu nesa ba kusa ba, domin in RAM ya cika kwamfuta faifai take komawa, wanda ya fi kowane RAM sanyi.

Gauraye kuwa ya fi yaudara. Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan guntayen RAM na duniya, Samsung da SK Hynix da Micron. Su Corsair da Kingston da G.Skill saye suke yi su haɗa. Suna iya sauya guntu ba su sauya sunan kaya ba, don haka sandar da ka saya bara da wadda ka ƙaro bana, kwali ɗaya, lamba ɗaya, cikinsu na iya bambanta. Alkawarin XMP na sandunan da aka gwada tare aka rufe a kwali ɗaya ne. Gauraye yakan yi aiki a JEDEC, sau da yawa ma har da mataki ɗaya ko biyu ƙasa da XMP, don haka a gwada sassautawa kafin a kai kasuwa. In ana son gano mai laifi, a gwada kowace sanda ita kaɗai a A2. Wadda ta yi kuskure ita kaɗai a gudun JEDEC, wannan ta lalace, a mayar da ita.

In saye ya zama dole, kowane madabod yana da jerin sandunan da kamfaninsa ya gwada, QVL, a shafinsa. Rashin suna a jerin ba ya nufin ba za ta yi ba, amma samunsa yana rage caca. Mai AM5 ya nemi mai tambarin EXPO, 6000 CL30 ko CL36. Mai AM4, mazaunin Ryzen na farko zuwa 5000, ya tsaya a 3200 CL16 ko 3600 CL18, wanda ya fi araha a ranar, tunda jinkirinsu ɗaya. Wanda ba ya son shiga BIOS ko kaɗan akwai sandunan 3200 CL22 masu bolt 1.2, irin na Crucial marasa sulke, waɗanda 3200 ɗin nasu na JEDEC ne, suna hawa da kansu in furosesa ta yarda. Jinkirinsu 13.75 ne, sun fi na XMP nauyin jiki, amma ba sa neman komai a wurinka. A shago kuma a roƙi mai kaya ya saka a inji a gabanka, a buɗe shafin SPD na CPU-Z, a ga jerin da ke ciki ya yi daidai da takardar da aka manna.

Sauya madabod don gudun RAM kaɗai, misali daga B460 zuwa Z490 domin a tashi daga 2666 zuwa 3200, ban ga hikimarsa ba. Kuɗin ya fi amfani a katin hoto ko a tara shi don sabon inji.

Kowace hanya aka bi, tashin Windows ba shaida ba ce. A saka MemTest86 ko Memtest86+ a filash a tashi inji da shi, a bar shi ya yi zagaye huɗu, sannan a ƙara da TestMem5 ko OCCT a cikin Windows, domin su ne ke dumama inji kamar aikin gaske. Zafi yana cikin lissafin. RAM yana riƙe bayanai ne da ɗan cajin da ke zurarewa, kuma zurarewar tana ƙaruwa da zafi, don haka saitin da ya wuce gwaji da asubar Janairu yana iya faɗuwa da azahar ɗin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da ɗaki ya haura digiri 40, katin hoto kuma na hura wa sanduna iska mai zafi. A yi gwajin da rana, murfi a rufe, a ɗakin da injin zai zauna. Jan layi ɗaya tak in ya fito, a sauko mataki guda a sake daga farko.